Layin da Hajiya Ta Ja a Wuyan Likitoci

'Ya'yan abokaina na Vénissieux da Bron, unguwannin gefen birnin Lyon, sun raɗa wa sana'ata suna wanki da guga. Kwanan baya ɗaya daga cikinsu, Rabi, mai karatun haɗa magunguna, ta leƙo shago ta tsaya tana kallona, can ta ce, "Kawu Habu, ai aikinka ba wuya. Ka tsoma takarda a ruwa, ka shanya, ka danne ta da dutse." Na ce mata gaskiyarta, shi ma likita yanka da ɗinki kawai yake yi, kamar tela. Ta yi dariya ta tafi, amma maganar ta tsaya mini. Don ita da ire-irenta nake wannan rubutu.

Ni mai gyaran tsofaffin zane ne na takarda. Mafi yawan abin da ya ratsa hannuna zanen barkwanci ne da jaridun Paris suka buga a ƙarni na sha tara. Za ka ga likita da ƙatuwar sirinji yana bin majiyyaci a guje, ko mai cire haƙori ya taka ƙirjin talaka da gwiwa, ko mai gidan haya da tumbi yana hawa bene zuwa ɗakin da ruwan sama ke zuba. An buga su ne don a yi dariya da safe, a naɗe kifi da su da yamma. Ba wanda ya yi su don su daɗe, shi ya sa waɗanda suka kai zamaninmu suke zuwa da ciwo iri-iri.

Daga Damagaram na zo Lyon karatun tarihi. Tallafin karatu ya riƙa zuwa yau da gobe, wata ya zo wata ya ɓata, sai na shiga neman aikin hannu. Wata tsohuwa, Madam Odile, tana da shagon gyaran takarda a wani lungu kusa da kogi, a farkon shekarun 1990. Ranar da na je ba ta tambaye ni takardar makaranta ba. Hannuwana ta kama ta juya su, ta shinshina, ta ce daga yau babu man shafawa, babu cin gyaɗa a aljihu. Na ɗauka wasa take yi, ashe ba ta san wasa ba.

Aikin farko da ta ba ni shara ce, amma sharar fuskar takarda. Akwai burushi mai laushi na gashin akuya, akwai garin roba da ake barbaɗawa a murza da ɗan yatsa har ya kwashe ƙura ya yi baƙi. Damina ta wuce, sanyi ya shigo, ban taɓa ruwa ba. Daga nan ta koya mini dama abin liƙi, garin alkama da ruwa a kan wuta kaɗan, ana juyawa har ya yi sheƙi, sannan a tace. Na ce mata wannan ai talge ne, kowace yarinya a garinmu ta iya. Ta ɗebo nawa da cokali ta ɗaga a haske, ta nuna mini gudaji, ta ce to in koma garinmu yarinyar ta koya mini.

Ranar da na fara wanke zane ba na manta ta. Hoton wani likita ne yana liƙa wa wata mata mai kuɗi matsattsaku a hannu, ita kuma tana kallon madubi. Na kwantar da shi a faffaɗan baho, takardar ta saki jiki ta yi laushi kamar ganyen rama da aka dafa. Na ce a raina shi ke nan na kashe wa tsohuwa kaya. Ruwan ya soma komawa launin shayi, amma baƙin zanen bai motsa ba. A nan ta yi mini bayani. Mai zane a kan dutse yake yi da alli mai maiƙo, tawadar bugawar ma mai maiƙo ce, ruwa ba ya cin ta. Launi shi ne abin tsoro, domin ja da shuɗi da ɗorawa da hannu aka shafa su bayan bugu, kuma wani da ya ji ɗigon ruwa sai ya bi shi. Saboda haka kafin kowane wanki sai ka ɗiga ruwa a gefe da bakin tsinke, ka danna takardar shan ruwa, ka duba ko ta ɗauko launi.

Sauran kayan aiki ba su da yawa. Akwai ƙashi mai santsi na kwantar da lanƙwasa, wuƙar fiɗa irin ta asibiti, siririyar takardar Japan da ake yaga da hannu a liƙa bayan yagewa, da duwatsun dannewa. Akwai kuma tebur mai ƙananan huji da injin zuƙar iska a ƙarƙashinsa, wanda ke janye ruwa ƙasa kafin ya bazu. Babban abokin gabarmu salatif ne. Duk wanda ya taɓa liƙa yagaggen zane da salatif, ina roƙa masa gafara, amma ban yafe masa ba tukuna.

Madam Odile tana da magana ɗaya da take maimaitawa. Abin da mai zane ya sa, ka tsare shi. Abin da datti ya sa, ka cire. Sauran kuwa, tabon rana da sawun yatsa da duk abin da zaman duniya ya bari, ba naka ba ne, sai ka tambayi mai abu. A lokacin ina jin ta ne kawai da kunne.

Masu kawo mana aiki su ne abin da ya fi ba ni mamaki. Zanen da ke zagin likitoci, likitoci ke sayensa. Wanda ke zagin lauyoyi yana ofishin lauya. A gida, in maroƙi ya ɗauko zambo, mai kuɗi toshe masa baki yake yi da kyauta. Nan kuwa sai a bari shekara ɗari ta wuce, jikan wanda aka zaga ya sa zambon a firam mai ruwan zinari ya rataye, masu jiran ganinsa su kalla su ce likitan nan ba shi da girman kai. Hotunan mata masu wanki a bakin kogi da na talakawa cunkushe a taragon baya, ban taɓa ganin mai wanki ta zo saye ba. Su ma gidan masu hali suke tafiya, a rataye su a hanyar banɗaki. Na daɗe ina juya wannan a raina, har yau ban yanke ko kunya ce ko rashinta ba.

Lokaci-lokaci Madam takan tura ni Paris sayayya. In hau jirgin ƙasa, in sauka wurin wani ɗan garinmu a Porte de la Chapelle, da safe in bi akwatunan masu tsofaffin littattafai na bakin kogi da shagunan bayan layi. A can na koyi kallon bayan takarda kafin gabanta. Na jarida yana da rubutun labarai a baya, wani lokaci har ya leƙo ta fuskar mutumin da aka zana. Dillalan kuwa, wasunsu a gabanka za su yanko shafi daga ɗaurin jarida na shekara guda da reza, ko a jikinsu.

Shekarar da aka karya darajar sefa, wato 1994, ita ce muguwar shekararmu. 'Yan'uwa a gida suna kuka, mu ma nan kasuwa ta mutu. Kamfanonin magani suka shiga raba wa likitoci kalanda kyauta mai ɗauke da kwafin irin waɗannan zane, fes-fes, ba tabo ba yagewa. Wa zai kawo tsohuwar takarda gyara? Hannun Madam kuma ya soma rawa, ta daina riƙe wuƙa, sai dai ta zauna ta sa ido. Muka koma sa hotunan biki da takardun shaidar karatu a firam don kada a rufe shago. A cikin wannan hali ne Dokta Salisu ya shigo wata rana da rana, riƙe da kwali a ƙirji kamar mai ɗauke da jariri.

Salisu ɗan Maraɗi ne, a Lyon ya yi karatun likita. Yana riƙe wa wani tsohon likita, Dokta Armand, ɗakin duba marasa lafiya a Vénissieux. Tsohon ya kusa ajiye aiki, kuma bai riga ya faɗi wanda zai bar wa wurin ba. Akwai wani ma da ke nema. Da za a kwantar da Dokta Armand a yi masa aiki a ciki, sai ya ce wa Salisu gilashin zanen da ke ɗakin jira ya tsage, ya taimaka ya kai a sake. Zanen nan tun zamanin kakan Dokta Armand yake rataye a ɗakin jiran gidansu. Salisu ya cire shi daga firam saboda fasasshen gilashi, ya kai gida, ya jingine a kan kabad a falo kafin ya samu sukuni.

Ya buɗe kwalin. Na san zanen, na taɓa wanke irinsa. Likitoci uku ne da dogayen huluna tsaye a ƙarshen gado suna musu, ɗaya ya ɗaga yatsa, ɗaya ya buɗe littafi, na ukun mai tumbi yana duba agogon aljihu. A kan gado ga majiyyaci, ba mai kallonsa. Sai dai yanzu kowane likita an ja masa layi da shuɗin biro a wuya, daga wannan gefe zuwa wancan.

"Yaro ne?" na tambaya.

"Ina fa yaro, Malam Habu. Hajiyata ce. Ta zo ganin jika. A falo take salla, kabad ɗin kuma gabas yake."

Nan take na gane. Duk wanda ya tashi a gidajenmu ya san wannan. Hoto mai rai in ya tsaya gaban mai salla, ko a kife shi, ko a raba kai da jiki da layi. Hajiya ba ɓarna ta yi niyya ba, gyara ta yi. Madam Odile ta sa tabarau ta duba, na yi mata bayani da Faransanci, ta ce a shekarunta duka ta ga ɓera ta ga gobara, ba ta taɓa ganin wannan ba.

"C'est grave, Malam, abin ya yi muni," in ji Salisu. "Amana ya ba ni. In ya ga wannan, me zan ce? Mutumin da bai iya tsare takarda ba, shi za a bar wa mutane?"

Tawadar biro ba ta jin ruwa, alkol take ji, irin na goge ciwo. Na kwantar da zanen a teburin zuƙar iska, na naɗa auduga a bakin tsinke, ina taɓa layin kaɗan-kaɗan, shuɗin yana narkewa iska tana janye shi ƙasa cikin takardar shan ruwa. In ka yi gaggawa ya bazu, wuyan mutum ya koma kamar an shafa masa shuni. Likita mai yatsa ya fita lafiya. Mai littafi ma ya fita, sai ɗan kwarmin da bakin biro ya bari, shi ma na jiƙa shi ta baya na kwantar da ƙashi. Mai tumbi ne ya ƙi. Hajiya ta danna hannu sosai a kansa, ga shi an shafa wa wuyan rigarsa jan launi. Na gwada a gefe, jan ya biyo auduga. In na ci gaba zan cire layin Hajiya tare da aikin wanda ya shafa launin tun kafin a haifi kakanta. Na ɗauke abin da zai ɗauku, na ajiye tsinke. Layin ya dusashe, amma mai ido zai gani.

Salisu ya roƙe ni in ƙara. Na ce a'a. Sai ya kawo wata shawara. Tunda dubbai aka buga, in je Paris in nemo ɗan'uwansa. Na je, domin ina tausayinsa ƙwarai, kuma neman ba laifi ba ne. Na samu a wani shago, ya fi na Dokta Armand lafiya nesa ba kusa ba. Da na shimfiɗa su gefe da gefe, bambancin ya fito. Na tsohon ya yi ɗorawa-ɗorawa da hayaƙin taba na masu jira, gefensa na hagu ya koɗe saboda taga, ga wata 'yar yagewa a sama.

"To a jiƙa sabon da ruwan shayi mana," in ji Salisu, yana kallon ƙasa. "Na ji ana yi."

"Ana yi. Ni ma na iya. Amma ba a wannan shago ba."

Na ce masa in yana so in sa sabon a firam, zan sa, yadda yake. Ƙara wa takarda shekarun da ba ta yi ba kuwa, wannan wata sana'a ce daban, masu ita kurkuku suke ƙarewa. Ya tafi ransa a ɓace, ni ma ban ji daɗi ba.

Ashe matar Salisu ta gaya wa Hajiya abin da ake ciki. Ranar da Dokta Armand ya ce zai biyo ta shago da kansa ya karɓi kayansa, sai ga Salisu da mahaifiyarsa sun riga shi. Doguwar mata ce, da mayafi a kan rigar sanyin ɗanta. Muka gaisa har da tambayar mutanen Damagaram ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Malam Habu, ni na yi, ni za ni hwaɗi. Yaron ga ba shi ɗaukar laihina."

Tsohon ya shigo da sanda, ya rame. Ina shirin tura sabon zanen cikin aljihun tebur, Salisu ya dafa hannuna ya ce in bar shi. Ya faɗa wa tsohon komai, har da maganar shayi. Dokta Armand ya matso kusa da tebur. Ya sunkuya kan nasa zanen, ya bi gefen da ya koɗe da yatsa, ya tsaya a wuyan mai tumbi. Ya ce yana son ya ji daga bakin wadda ta yi. Salisu ya fara fassara yana sassautawa, Hajiya ta ce maganarta ta fi haka tsawo, a bar Malam Habu ya juya.

"Ka ce mishi mutum ba shi salla mutane tsaye gabanai. Malammai sun ce in an raba kai da jiki, hoto ya koma kamar icce. Ban san na gado ba ne. Da na sani kihe shi za ni yi. Ya yi haƙuri."

Na juya masa yadda ta faɗa. Ya gyaɗa kai, sannan ya nuna gadon ya ce, to wannan fa, me ya sa ba ta ja masa ba? Sai a lokacin na lura ban taɓa tambayar kaina ba.

"Wanga? Ai babu ran da za a cire mishi. Sun tsaya gardama ya tahi."

Dokta Armand ya ce ina, da ransa, a dubi yadda ya damƙe bargo. Hajiya ta ce a dubi bakinsa. Ya ce barci ne. Ta ce ita ta san barci. Ina tsakiya ina juya magana, Madam Odile ta taso da tabarau, duk muka duƙa a kan mutumin da ke gado. Can tsohon ya ce, to in dai yana da rai, a ƙa'idarta shi ma sai an ja masa layi ke nan. Ina gama juyawa Hajiya ta ce, "In ya tabbata, miƙo bik ɗin in ja mishi." Ni da Salisu da Madam muka yi ihu tare. Tsohon ya yi dariya har ya riƙe wurin ɗinkinsa ya nemi kujera.

Da ya huta sai ya sake duban zanen. Ya ce tun yana yaro yake kallon zanen nan, kullum hulunan yake wa dariya. Ya ce a asibiti kwanan nan likitoci sun tsaya a ƙarshen gadonsa suna magana a kansa, har da waɗanda shi ya koyar, ba wanda ya tambaye shi ko ya samu barci. Ya juya ga Salisu ya ce maganar shayi ta ɓata masa rai fiye da biro, kuma da ya ji ta a bakin wani da sun rabu. Salisu ya ce ya sani.

Na tambaye shi, kamar yadda aka koya mini, ko in sake gwada layin da ya rage, ko da jan zai ɗan taɓu. Ya ce in bar shi, in sa gilashi. Ya miƙe ya kai bakin ƙofa, sannan ya waiwayo ya ce wa Salisu kada a mayar da shi ɗakin jira, marasa lafiya sun san abin da ke ciki. A rataye shi a ɗakin dubawa, a bangon da ke fuskantar kujerar likita.

"Kujerarka," ya ce. "Ni na gama kallonsa."

Hajiya ta taɓa ni ta ce me ya ce, na gaya mata. Ta yi hamdala a hankali, ta gyara mayafi, sannan ta ce in tambayar mata shi, bangon nan dai ba gabas yake ba ko?

Madam Odile ta rasu kafin shekarun 1990 su ƙare, ta bar mini shago da duwatsunta. Sabon zanen da na sayo a Paris yana nan a aljihun tebur, fari tas, ba wanda ya taɓa tambayarsa. Na tsohon kuwa yana inda aka ce, ni ma can nake zuwa a auna mini jini. In rana ta karkata haskenta ya shigo ta gefe, layin yakan fito a wuyan mai tumbi.

Rabi, in kin zo ranar Asabar zan ba ki auduga da tsinke da wata takarda marar amfani. Cire tabo za ki iya kafin la'asar. Sanin lokacin da za ki ajiye tsinken, shi ne ban san ranar da za ki iya ba, domin ni ma sai da Hajiya ta zo daga Maraɗi.